Anti, shafin da na buɗe don shaƙiyanci ya zame min ƙarfen ƙafa

Wannan saƙon ya shigo min tun daren Laraba, sau uku na karanta shi kafin in iya cewa komai. Na cire sunan shafin da na wajen aikinshi da duk abin da zai sa a gane shi, na kuma rage tsawon don yaron ya zuba sosai.

"Anti salamu alaikum, dan Allah ki sakaya sunana. Shekarata 27, ɗan Tudun Wadar Kaduna ne ni, ina aikin zane da kwamfuta a wani shagon buga takardu a cikin gari. Shekara biyu da suka wuce ni da abokina muka buɗe shafi a Facebook da X da sunan wani Alhaji na ƙarya, irin mutanen nan masu ƙin kowa, bai yarda da mace mai aiki ba, bai yarda da ɗan boko ba, bai yarda da duk wanda ke zaune a tsallaken kogi ba. Wlh Anti niyyarmu mu yi wa masu irin wannan halin shaƙiyanci ne, mu riƙa zuzuta maganarsu har ta zama abin dariya su ji kunya. Da farko abokanmu ne kawai ke bi, kowa ya san kuruz ne. Yanzu mabiya sun haura dubu arba'in kuma yawancinsu ban san su ba.

Wata uku da suka wuce na rubuta da bakin Alhajin cewa duk ranar da ya tsallaka gada ya shiga Sabon Tasha, ɓangaren Kiristoci, in ya dawo sai ya wanke tayar motarshi sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ina dariya na rubuta. Kwana biyu sai ga kawuna ya turo sikirinshot ɗin a guruf ɗinmu na dangi, ya rubuta a ƙasa wai gaskiya ɗaci gare ta. Na share ban ce komai ba. To satin da ya wuce muna cin abincin rana a shago, abokin aikina wanda shi ya koya min aikin inji tun ina sabon zuwa, Kirista ne ɗan Narayi, duk Kirsimeti sai ya kawo min shinkafa da cincin ni ma ina kai mishi naman layya, ya miƙo min wayarshi ya ce ka ga abin da mutanenku ke faɗa a kanmu? A guruf ɗin unguwarsu aka tura. Bai san ni na rubuta ba. Na ce Allah ya kyauta, abincin ma kasa ci na yi.

Na ce wa abokina mu rufe, ya ce ina da matsala, ai mun rubuta a saman shafin cewa wasa ne, wanda bai gane ba shi ya jiyo, ga shi an fara samun ɗan kuɗi, har wani yaron 'yan siyasa ya yi mana tayin sayen shafin gaba ɗaya. Anti ni ba na ƙin kowa wlh. Laifina ne in mutane ba su gane wasa ba? In rufe ko in ƙara rubuta cewa wasa ne da manyan baƙaƙe? Kuma in faɗa wa abokin aikina ko in bar kaza cikin gashinta?"

Wa alaikumus salam ƙanina. Na yarda ba ka ƙin kowa, mai ƙin mutane ba ya kasa cin abinci don an nuna mishi zagin da ya yi, loma ma zai ƙara. Amma tunda ka tambaye ni ba zan yi maka kwana-kwana ba, ka rufe shafin, kar ka sayar da shi, kuma ka faɗa wa abokin aikinka. Sauran duk dalili ne, in kana da data ka gyara zama.

Mu fa Hausawa ba baƙin wasa mai zafi ba ne, kar wani ya zo ya ce maka wai ba mu gane gatse. Ka taɓa shiga motar haya daga Kawo aka haɗa Bafulatani da Babarbare a kujera ɗaya? Ni na taɓa, tun daga tasha har muka kusa Zariya wannan na cewa bawana ne wancan na cewa ai kakanka ma mu muka saye shi da goro, duk motar ana ta ƙyaƙyata dariya, da muka tsaya Babarbaren ne ma ya saya wa Bafulatanin rake. Haka Kanawa da Zazzagawa, haka Gobirawa da Yarabawa, haka taubasai da kuɗin shararsu na watan cika-ciki, jika ya kalli kakarshi ya ce tsohuwa yaushe za ki mutu mu ci gumba, ita kuma ta ce ja'iri sai na ga naka jikan. In ka rubuta waɗannan maganganun a takarda ka miƙa wa baƙo zai ɗauka gaba ce ta shekara ɗari. Abin da ya sa ba a zubar da jini a kai shi ne kowa na ganin fuskar mai maganar, an san ɗan gidan waye, wanda aka tsokana yana da damar ramawa nan take kuma har so ake ya rama, 'yan kallo sun san ƙa'idar tun suna yara, sannan da zarar fuskar ɗaya ta canza sai wani babba ya ce to ya isa haka. Yanzu ka auna Alhajinka da wannan. Yaushe mutanen Sabon Tasha suka zama abokan wasanka? Wa ya ƙulla? In sun tashi ramawa wa za su rama wa, tunda Alhajin babu shi? Kuma wa zai ce ya isa?

Ko tashe ka duba. Yaro zai manna gemun auduga ya ɗaura tsumma a ciki ya fito yana dogara sanda, amma kowa a layin ya san ɗan wance ne, an san watan azumi ake ciki, ana jin gangar gwangwani a bayanshi. Lokacin da shigar da muryar duk suna faɗa maka wasa ne ba sai an rubuta ba. Shi sikirinshot yaron yake yankewa ya bar gemun. Ba ya ɗaukar abin da kuka rubuta a saman shafi, ba ya ɗaukar fostin ɗin jiya da zai nuna Alhajin wawa ne, ba ya ɗaukar dariyar da kake yi lokacin da kake dannawa, layi uku ne kawai da hoton dattijo mai rawani, sai kuma abin da mai turawa ya ƙara a ƙasa da hannunshi. Kawunka ya ƙara nashi, wanda ya tura a guruf ɗin Narayi shi ma na tabbata ya ƙara nashi. Don haka maganar abokinka ta ai mun rubuta wasa ne, kamar mai sayar da fetur ne ya rubuta gargaɗi a ƙofar gidanshi sannan ya bi layi yana rabawa a leda. Manyan baƙaƙen da kake tunanin ƙarawa su ma a can saman shafin za su zauna. Kuma ka lura, wata uku da rubutawa amma sai satin jiya ya isa hannun abokin aikinka, wato abin yana nan yana yawo, WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci ɗaya tun 2019 amma biyar sau biyar sau biyar ai ka yi lissafi a makaranta.

Wannan ba a kanka farau ba. Tun 2005 wani mutum mai suna Nathan Poe ya faɗi wata magana a intanet da har yau ake kiranta dokar Poe, taƙaicenta shi ne in ba ka sa wata alama ƙarara ba, duk yadda ka kai ga zuzuta maganar mai tsattsauran ra'ayi don ka yi mishi ba'a sai an samu wanda ya ɗauka da gaske kake. Dalili kuwa mai sauƙi ne, duk haukan da ka ƙirƙira akwai mai faɗinshi tsakani da Allah a wata majalisar. Kai kanka ka sani, maganar wanke taya ba daga sama ka ɗauko ba, ka taɓa jin mai kama da ita a bakin wani.

Tunda ka ba ni sunan shafin na shiga, na yi ƙasa har farkonshi, kuma a nan ne na ga abin da nake so ka je ka gani da idonka yau ɗin nan. Rubutun watannin farko wlh na yi dariya. Akwai wanda Alhajin ya je Kasuwar Barci kuɗinshi suka ƙare, ya ƙi cira a wajen mai POS don mace ce, ya tako da ƙafa har gida cikin rana takalminshi ya tsinke a hanya, ƙarshe matarshi ce ta biya mai gyaran da kuɗin ɗinkinta. Wa aka yi wa dariya a nan? Alhaji. Shi ne ya sha rana, shi ne ya ji kunya, mai irin halinshi in ya karanta zai ɗan sosa ƙeya. Sai na dawo rubutun bana. Alhaji ya daina faɗuwa. Yanzu shi ke da maganar ƙarshe a kowane fostin, shi ke yanka mutane kuma ba abin da ke samunshi, dariyar ta tashi daga kanshi ta koma kan matan da ke aiki a banki da 'yan Poly da mutanen kudancin gari. Ban ce da gangan kuka yi ba. Na fi zaton wata rana kun rubuta mai zafi kuka ga laik ya ninka, washegari kuka ƙara barkono, a hankali a hankali har kuka manta da tsinkakken takalmin. Sannan na shiga kwament na karanta har idona ya yi yaji. Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Kai kaɗai ka rage mai faɗin gaskiya a garin nan. Ai gara a faɗa musu. Da wasu da ba zan iya maimaitawa ba. Masu gane wasan suna nan amma su alamar dariya kawai suke dannawa su wuce, waɗanda suka zauna suka yi kaka-gida a ƙarƙashin rubutunka su ne mutanen da ka buɗe shafin don ka kunyata. Sun samu limami.

Kuma haka aka gina na'urar da ke zaɓo abin da ake nuna wa mutane a Facebook da X. Ita ba ta san gatse ba, motsi take ƙirgawa, wa ya tsaya, wa ya yi kwament, wa ya tura. Wanda ya ji daɗi ya tura da wanda ya ji ciwo ya tura yana cewa ku zo ku ga abin da aka ce, duk ɗaya ne a wajenta, na biyun ma ya fi amfani don shi zai jawo faɗa kuma faɗa shi ke tsayar da mutane. Takardun cikin gida na Facebook da wata tsohuwar ma'aikaciyarsu Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamomin nan na fuska, har da ta fushi, maki biyar a inda laik ke da ɗaya, sai daga baya suka rage da suka ga irin abin da hakan ke turowa sama. X ya fara raba wa masu shafi kuɗin talla a 2023, Facebook ya buɗe wa 'yan Najeriya hanyar samun kuɗi a 2024, to tun daga nan tsokana ta zama sana'a. Shi ya sa za ka ga wani ya tashi da asuba ya zagi wata ƙabila ko ya ce matan gari kaza ba su iya girki ba, a yi ta zaginshi yana murna. Ɗan kuɗin nan da abokinka ke magana, ka zauna ka yi tunanin daga ina ya fito. Daga jin daɗin kawunka ne da ɓacin ran wanda ya koya maka aiki, su biyun aka haɗa aka biya ku.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, wanda na ga kamar ba ka sani ba. Kai ka faɗa ramin ne da kuskure, wasu kuwa da gangan suke haƙa shi. A ƙarshen 2017 an bankaɗo takardar ƙa'idojin rubutu ta wani shafin 'yan ra'ayin Nazi a Amurka, a ciki mai shafin yana koya wa marubutanshi su riƙa sa ƙiyayyar cikin raha ta yadda baƙo ba zai iya bambance ko wasa suke ko gaske ba, ya kuma faɗa da bakinshi cewa rahar dabara ce kawai. Mutum zai shigo don dariya, ya saba da kalmomin, kunnenshi ya daina jin nauyinsu, in an kama su kuma su ce haba wasa ne fa. Alamar nan ta haɗa babban yatsa da manuni da ake yi in abu ya yi daidai, a 2017 wasu 'yan shaƙiyanci a wani dandalin intanet mai suna 4chan suka ƙirƙiri cewa wai alamar masu fifita farar fata ce don su yi wa 'yan jarida dariya, sai masu wariyar na gaske suka ɗauka suka riƙe. Mutumin da ya shiga masallatai biyu a Christchurch ta ƙasar Niyu Zilan ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 ya kashe mutum 51 yana haskawa kai tsaye a Facebook, da aka kawo shi kotu alamar da ya yi da hannunshi kenan. Ban haɗa ka da shi ba Allah ya kiyaye. Abin da nake nuna maka shi ne wanda ke tsaye daga waje ba shi da hanyar da zai bambance shafinka da na mai yi da gaske, rigarku iri ɗaya ce, kalmar kare kanku ma iri ɗaya ce. Shi kuma yaron 'yan siyasan da ya yi tayi ba barkwancinka yake so ba, shi ya riga ya karanta kwament ɗin da na karanta, mutum dubu arba'in da aka riga aka jiƙa yake so ya saya ga zaɓe na ƙaratowa. Ranar da ya fara zuba nashi da sunan Alhajinka, lambar wa aka buɗe shafin da ita?

Sannan ƙanina, Kaduna fa muke. Kai a 2000 kana goye, a 2002 ko firamare ba ka shiga ba, ni kuwa da wayona. Kafin rikicin shari'a na Fabrairun 2000 a layinmu akwai wata mata Kirista da ke mana kitso, 'ya'yanta a tsakar gidanmu suke cin tuwo, bayan ƙura ta lafa na ga an loda kayansu a bayan akori-kura har da turmi da kejin kaji, ta rungume mahaifiyata suna kuka, suka tsallaka kogi ba su sake dawowa ba. Haka su ma Musulmin da ke can suka kwaso suka dawo nan. Rabuwar da kake gani yau, Rigasa da Tudun Wada da Kawo a nan, Sabon Tasha da Narayi da Television a can, har ana cewa Makka da Kudus, ba haka garin ya tashi ba, gawa aka ƙirga kafin a kai nan. A Nuwamban 2002 kuma layi ɗaya ne a jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, wata matashiyar 'yar jarida ta taɓa janibin Manzon Allah (SAW) a abin da ita take ganin shaguɓe ne mara nauyi, jaridar ta yi ta ba da haƙuri amma ina, an ƙona ofishinta na nan Kaduna, cikin 'yan kwanaki mutum sama da 200 suka mutu, gasar aka kwashe ta zuwa Landan, kuma waɗanda suka mutun yawancinsu ko jaridar ba su taɓa riƙewa ba. Ba na wanke wanda ya ɗauki makami, alhakin jini na wuyanshi. Amma wannan a zamanin takarda ne fa, babu waya a hannun kowane yaro. Gadar da ka yi wasa da ita akwai mutanen da har yau in za su tsallaka ta da yamma sai sun kira gida. To abokin aikinka da ya miƙo maka wayar nan yana tsallako ta kullum da safe ya zo ya tsaya kusa da kai, ka san abin da yake tambayarka a zahiri? Yana tambaya ne ko kai ma haka kake ganinshi.

Ka ce laifinka ne in mutane ba su gane wasa ba. Ranar farko a'a. Amma daga ranar da kawunka ya rubuta gaskiya ɗaci gare ta ka ga da idonka inda kibiyar ta faɗa, ka yi shiru, ka ci gaba da rubutu wata uku, daga nan kam da naka a ciki. Ni ba malama ba ce, amma aya ta 11 a Suratul Hujurat da ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili ko ɗan Islamiyya ya san ta, ka samu malamin da ka yarda da shi ka karanta mishi fostin ɗin tayar ba tare da ka ce kai ne ba ka ji me zai ce.

Ta ɓangaren hukuma ma kar ka ruɗi kanka da cewa ba a san ku ba. Layin waya an haɗa shi da NIN, kuɗin da ake turo muku ta asusun banki mai suna yake shigowa, kuma sirrin da mutum biyu suka sani har mai saye ya samo ku ai ya riga ya zama na kasuwa. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, ko bayan gyaran da aka yi mata a 2024, yana nan da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7 kan saƙon ƙarya da aka tura don tada zaune tsaye. A Kano a Nuwamban 2022 kotu ta sa an yi wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowannensu da sharar harabar kotu ta kwana 30 saboda bidiyon barkwanci kan gwamnan lokacin, Ganduje. Ni ban goyi bayan wannan hukuncin ba ko kaɗan, mai mulki ya kamata ya iya shanye zambo, sarakunan da ma suna da wawan sarki a fada. Na kawo shi ne don ka san kalmar wasa nake ba ta hana a kwantar da mutum.

Yanzu abin yi. Ka fara da abokinka, ku zauna ido da ido ba ta waya ba, ka buɗe mishi rubutun farko da na yanzu da kwament ɗin, wataƙila shi ma bai taɓa jera su ya kalla ba. In da lambarka ko imel ɗinka aka buɗe to kai ke da wuƙa da nama, ka faɗa mishi gaskiya cewa rufewa za ka yi, kuɗin da ya taru ka bar mishi duka in shi ne zai kawo rigima, arha ka saya. In da nashi aka buɗe kuma ya ƙi, ka cire kanka daga admin, ka cire duk abin da ya haɗa ka da shafin, ka tura mishi saƙo a rubuce cewa daga rana kaza ba hannunka, ka ajiye saƙon. Zai ji haushi, zai ce ka cika tsoro, bar shi. Kafin rufewar ku goge rubutun da suka taɓa addini da ƙabila da mata, sannan ku sa bayani ɗaya da muryarku ta gaskiya, ba da bakin Alhaji ba kuma ba da alamar dariya ba, ku ce Alhajin nan babu shi, mun ƙirƙire shi ne don mu yi wa masu wannan ra'ayin ba'a, abin ya kauce, maganar taya da ire-irenta ba daidai ba ne, muna ba mutanen da muka ɓata wa rai haƙuri. Kar ku rubuta in ran wani ya ɓaci, kun san ya ɓaci. Ku bar shi kamar sati biyu don shi ma a yi mishi sikirinshot ya bi sawun na farkon, duk da ba zai kai inda wancan ya kai ba, sannan ku goge shafin gaba ɗaya. Ban ce ka sa sunanka da hotonka a bayanin ba, garin nan akwai masu zafin kai ta kowane ɓangare kuma kana da uwa. Mabiyan za su zage ku, waɗanda jiya ke cewa Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya su ne za su ce an saye ku, karanta wannan zagin ma zai ƙara nuna maka su waye ka tara.

Kawu kuma ba sai ka tona kanka a guruf ba, ba kuma sai ka yi mishi rashin kunya ba. Ka ɗauko bayanin ka tura a inda ya tura na farkon, ka rubuta Kawu ashe shafin nan na 'yan shaƙiyanci ne, masu irin wannan maganar suke yi wa dariya. Shikenan. Dattijo ne, zai gane abin da aka faɗa mishi ba tare da an faɗa ba.

Hannunka na rubutu kuma kar ka yar, labarin POS ɗin nan ba kowa ke iya shi ba. Ga wutar lantarki, ga kuɗin makaranta, ga kayan lefe, ga 'yan siyasan da ba a ganinsu sai da buhun shinkafa, ga mu kanmu da halayenmu. In za ka dawo ka dawo da abin da za ka iya karantawa da ƙarfi a shagonku lokacin cin abinci kowa na zaune.

Saura mai wuyar. Na yi ta juya maganar a bar kaza cikin gashinta, don akwai gaskiya a cikinta, wani sirrin faɗinshi sauke wa kai nauyi ne kawai a ɗora wa wani. Amma a nan mutumin ya riga ya ɗauki nauyin, yana yawo da tunanin cewa akwai wani dattijo a Tudun Wada da ke ganinshi kamar najasa kuma dubban mutane na tafa mishi, kai kaɗai ne za ka iya ce mishi dattijon nan babu shi. Kuma in ya ji a bakin wani, wanda zai iya faruwa, zai tuna ranar da ya miƙo maka waya ka ce Allah ya kyauta, wannan sai ya fi rubutun ciwo. Ka bari sai ka rufe shafin tukuna don ka je da abin nunawa. Kar ka yi a shago gaban mutane, kar ka yi ta saƙo, ka ce kana son ganinshi bayan an tashi, in da hali kai ka tsallaka ka same shi a can ɓangarensu. Ka ce yayana rubutun nan da ka nuna min ni na yi, na yi ne da nufin kaza, na yi kuskure, ranar da ka nuna min kunya da tsoro suka hana ni magana, na rufe shafin ga shi. Daga nan ka kama bakinka. Kar ka ce mishi bai gane wasa ba, kar ka fara mishi bayanin su Poe da na yi maka, kar ka roƙe shi ya ce ya yafe a wajen. Ka roƙe shi abu ɗaya, ya rufa maka asiri saboda tsaro, mutumin da ya shekara da shekaru yana kawo maka abinci gida ina kyautata zaton zai yi.

Zai iya yin dariya ya ce kai ɗan iska ne, zai iya tashi ya bar ka a wajen, zai iya yin wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa ku, duk haƙƙinshi ne. In Disamba ta zo ba ka ga shinkafa ba kar ka ce komai, kai dai in layya ta zo ka ɗauki cinya guda ka tsallaka gada ka kai.